Halin da Zuciyar Mace ke Shiga a Lokacin Maganin Rashin Haihuwa: Nazari a kan Dashen Ɗan Tayi

Tsakure

Maƙalar ta bibiyi ayyukan da aka wallafa daga 1993 zuwa 2023 a kan lafiyar zuciyar matan da ke neman haihuwa a asibiti, musamman masu dashen ɗan tayi, wato IVF. An gano cewa damuwar da suke shiga mai nauyi ce, kuma babu tabbatacciyar hujjar da ta nuna ita ce ke hana dashe kamawa. Ɓarnarta a wani wuri take: tana sa mace ta yanke magani a tsakiyar hanya.

1.0 Gabatarwa

Hukumar Lafiya ta Duniya tana kiran abu rashin haihuwa idan ma'aurata suka shekara suna saduwa ba tare da maganin hana ɗaukar ciki ba, amma ciki bai shiga ba. Rahotonta na Afrilun 2023 ya ƙiyasta cewa matsalar tana shafar kusan mutum ɗaya cikin shida a tsawon rayuwa, kuma tazarar ƙasashe masu arziki (kashi 17.8) da masu ƙarami da matsakaicin ƙarfi (kashi 16.5) kaɗan ce. Tun da aka haifi Louise Brown a Oldham ta Ingila ranar 25 ga Yulin 1978, fasahar haɗa ƙwai da maniyyi a wajen mahaifa ta ci gaba ƙwarai. Kula da zuciyar wadda ake yi wa aikin kuwa an baro shi a baya.

2.0 Nauyin damuwar

A 1993 Alice Domar da abokan aikinta a Amurka suka gwada matan da ke fama da rashin haihuwa da masu wasu cututtuka. Fargabarsu da ƙuncin zuciyarsu sun yi daidai da na masu sankara da hawan jini da masu farfaɗowa daga ciwon zuciya. Wanda ya san yadda jinyar take ba zai yi mamaki ba. Mace za ta yi kwana goma ko fiye tana shan allura kullum don ƙwai su nuna, ana kiranta hoton ciki a kai a kai, sannan a ciro ƙwan, a haɗa, a mayar da ɗan tayi mahaifa bayan kwana uku zuwa biyar. Ko da mijin ne ke da matsalar, jikinta ne ke ɗaukar duk wannan.

Sai kuma jira. Daga ranar dashe zuwa gwajin jini kusan mako biyu ne, kuma a nan ne mata suka fi bayyana fargaba. Dalilin a fili yake: zirga-zirgar asibiti ta tsaya, babu abin da ya rage a hannunta, ita da tunaninta kawai. Ɗan ciwon mara ko ɗigon jini sai ya zama abin fassara dare da rana. Abin takaici, a daidai wannan gaɓar ce ma'aikatan asibiti suka fi nisa da ita. Binciken Christianne Verhaak a Holan (2005) ya nuna cewa wata shida bayan dashen ƙarshe da bai kama ba, fiye da kashi 20 na matan suna nan da alamun fargaba ko ƙunci.

3.0 Shin damuwa ce ke hana ciki?

"Ki kwantar da hankalinki, ciki zai shiga." Kusan duk mai neman haihuwa ta ji wannan daga bakin dangi, wani lokaci har daga ma'aikacin jinya. Jacky Boivin da abokan aikinta sun auna maganar a mujallar BMJ a 2011, inda suka haɗa bincike 14 da suka ƙunshi mata 3,583. Ba su sami alaƙa tsakanin damuwar da mace ke ciki kafin fara magani da sakamakon zagayen dashe ba. Ya kamata a lura cewa zagaye ɗaya aka auna, don haka hukuncin bai wuce nan ba. Duk da haka ya isa a daina furta waccan magana, domin komai kyan niyyar mai faɗa, laifin ne take jingina wa matar idan abu bai yiwu ba.

Inda damuwa ke tasiri shi ne ɗorewa. Nazarin Sofia Gameiro na 2012 ya sanya gajiyar jiki da ta zuciya, da saɓanin ma'aurata, cikin manyan dalilan barin magani. Da yake sau da yawa sai an maimaita dashe kafin a dace, wadda ta janye bayan zagayen farko ta rasa ragowar damarta.

4.0 Ta fuskar ƙasar Hausa

Yawancin ayyukan nan a Turai da Amurka aka yi su, kuma ma'auninsu, irin su FertiQoL na 2011, can aka tsara su. Bahaushiya tana da ƙarin kaya: sunan juya da ake laƙaba mata, habaicin dangin miji, da maganar kishiya da ke tasowa tun ba a gwada maniyyin mijin ba, alhali matsalar namiji tana da hannu a kusan rabin lamuran rashin haihuwa. Ga kuɗin dashe da yawanci daga aljihu ake biya, ga ɓoye sirri da ke hana ta samun wanda za ta yi wa kuka. Ta wani ɓangaren kuma tawakkali da addu'a madogara ce ta gaske da likita bai kamata ya raina ba.

5.0 Kammalawa da shawara

A 2015 ƙungiyar masana haihuwa ta Turai, ESHRE, ta fitar da ƙa'idar da ta ɗora kula da zuciyar majinyaci a kan kowane ma'aikacin asibitin haihuwa, tun daga likita har mai jinya. Cibiyoyinmu za su iya farawa da abin da ba ya cin kuɗi: a gwada miji tun zuwan farko, a faɗa wa ma'aurata gaskiyar yiwuwar nasara da harshen da suke ji, a kira matar a waya cikin makonni biyun jira, a kuma ba ta ranar dawowa ko da gwaji ya nuna ba ciki. Muna kira ga masana a jami'o'in Kano da Zariya da Sakkwato su samar da ma'aunin damuwa da Hausa, su gwada ingancinsa a kan matanmu.