Gaɓar Léon: Manoman Kayan Lambu da Suka Mallaki Jiragen Ruwa

A kusurwar arewa maso yammacin Faransa, inda yankin Bretagne ya kutsa cikin teku, akwai gundumar Morlaix ta jihar Finistère. Kudancinta tsaunukan Arrée ne, ƙasa maras albarka ga manomi. Arzikin gundumar yana arewa, a wani siririn zirin ƙasa na yankin Léon da ya bi gaɓa ta Saint-Pol-de-Léon da Roscoff har tsibirin Batz. Ƙasar wurin mai laushi ce, ɗumin ruwan Atlantika na hana sanyin hunturu ƙona shuka, kuma tun kaka da kakanni manoma ke kwasar ciyawar teku suna takin gona da ita. Shi ya sa ake yankan farin kabeji a nan tsakiyar hunturu, lokacin da gonakin cikin ƙasa ke daskare.

Da yawa sukan tsaya nan, su ce yanayi ne ya azurta Léon. Wannan bayani bai gamsar da ni ba. Ƙasar da ɗumin suna nan tun fil azal, amma har shekarun 1950 manomi yana hannun dillali ne: shi ke yanka farashi, kayan lambu ba sa jiran ciniki, Paris kuma da nisa. Al'amarin ya sauya ne lokacin da manoma suka karɓe kasuwa, daga baya suka karɓe hanya.

A 1961 suka kafa ƙungiyar gama kai ta SICA a Saint-Pol, ƙarƙashin jagorancin wani matashin manomi, Alexis Gourvennec, suka buɗe kasuwar gwanjo mai agogo. Farashi kan fara daga sama yana sauka a gaban kowa, wanda ya riga tsayar da agogon shi ya saya. Cinikin bayan fage ya mutu ke nan. A watan Yunin shekarar manoma suka mamaye ofishin gundumar a Morlaix, suna neman gwamnati ta mara wa tsarin baya. Suka kuma matsa har aka gina tashar ruwa mai zurfi a Roscoff. Da kamfanonin jiragen ruwa suka ƙi zuwa, sai manoman suka kafa nasu a 1972. A Janairun 1973, watan da Birtaniya ta shiga kasuwar tarayyar Turai, jirginsu Kerisnel ya tashi zuwa Plymouth ta Ingila ɗauke da kayan gona. Kamfanin shi ne Brittany Ferries, kuma har yau ƙungiyoyin manoma ke riƙe da mafi yawan jarinsa.

Duban Ingila ba sabon abu ba ne a Roscoff. Tun ƙarni na 19 mazan garin ke tsallaka teku da jar albasarsu, suna talla gida-gida, daga baya a kan keke. A Wales harshensu ya yi musu rana, domin Breton ɗan uwan harshen Wales ne na kusa. A zamanin, harshen uwa jari ne.

Abin da ke damuna shi ne sabuwar wadatar ba ta tafi da harshen ba. Takardun ƙungiya da na banki da kwantiragin fitar da kaya duk da Faransanci ake yin su, kuma iyayen da suka ci nasarar 1961 su ne suka daina yi wa 'ya'yansu Breton, don suna ganin sa alamar talaucin da suka guje wa. Wajen 1950 masu jin harshen a Bretagne sun kai kimanin miliyan ɗaya. Binciken 2018 ya sami kimanin dubu 200, galibi tsofaffi. Makarantun Diwan, da aka fara a 1977, suna koyar da yara da Breton, allunan hanya ma da harsuna biyu ake rubuta su. Sai dai yaron da ya fito daga Diwan, in ya nemi aiki a rumbun SICA ko a jirgin Plymouth, Faransanci da Turanci za a tambaye shi.