Guguwa Biyu a Shekarar 2017: Houston da Dominika

Yau za mu koma shekarar 2017.

A ƙarshen watan Agustan wannan shekara guguwar Harvey ta sauka a jihar Texas ta Amurka. Ruwa ya yi kwanaki yana zuba kamar da bakin ƙwarya, birnin Houston ya nutse. Da aka yi lissafi, ɓarnar ta kai dala biliyan 125. Bayan kamar mako uku, ranar 18 ga Satumba, guguwar Maria ta afka wa Dominika, wani ɗan tsibiri a yankin Karebiyan mai mutane kusan dubu 70. Asararsu wajen dala biliyan 1.3 ce.

To, in ka kalli lambobin nan haka kawai, sai ka ce ai Amurka ce ta fi shan wuya, tunda asararta ta ninka ta Dominika kusan sau ɗari. Amma fa biliyan 125 ɗin nan ba ta kai kashi 1 cikin ɗari na abin da tattalin arzikin Amurka ke samarwa a shekara ba. Ta Dominika kuwa kashi 226 ce. Wato dare ɗaya ya cinye fiye da gumin shekara biyu na ƙasa sukutum. Hatta rufin gidan Firaminista Roosevelt Skerrit iska ta yaye.

Ɗumin ruwan teku ne ke ƙara wa irin waɗannan guguwoyi ƙarfi, kuma duka biyun sun sha daga gare shi. Bambancin yana wajen abin da ƙasa ke ci da shi. Houston tana da inshora, da gwamnatin tarayya mai iya turo kuɗi, ga sauran jihohi 49 suna ta aikinsu. Kai, sake ginin ma shiga yake cikin lissafin bunƙasar arziki. Dominika noma ne da yawon buɗe ido, duka a fili suke, ayaba ta kwanta, otal-otal sun rufe, haraji ya tsaya daidai lokacin da ake neman kuɗin gyara.

Irin wannan koke ne ya kai ga amincewa da asusun biyan asara a taron sauyin yanayi na Masar a 2022. A Dubai, 2023, aka yi alkawarin zuba masa kusan dala miliyan 700. Ni dai abin ya ban mamaki, don kuɗin da aka tara wa duniya baki ɗaya bai wuce rabin asarar Dominika da kaɗan ba.