Daga 1931 Zuwa Yau: Abin da Ƙungiya Ta Yi wa Malamin Sakandare a Ghana

Duk lokacin da malamai suka shiga yajin aiki, wayoyin gidan rediyonmu ba sa hutawa. Iyaye daga Nima da Maamobi su yi ta kira, tambayar kuma ɗaya ce: me waɗannan ticoci ke nema kuma? Ina ganin amsar tana cikin tarihi, domin kusan duk wani ƙarin da ke cikin albashin malamin Ghana a yau, sai da aka ja daga kafin a same shi.

Abin ya faro ne a 1931, lokacin ƙasar tana Gold Coast. Tattalin arzikin duniya ya karye, farashin koko ya faɗi, gwamnatin Turawa ta nemi zaftare kuɗin ilimi, kuma malaman makarantun mishan da ke samun tallafin gwamnati su ne abin zai fi shafa. Sai suka haɗa kai suka kafa ƙungiya domin su yi magana da murya ɗaya. Bayan samun 'yanci, dokar ƙwadago ta 1958 ta cusa malamai ƙarƙashin babbar ƙungiyar ma'aikata ta TUC, wadda ke ɗasawa da gwamnatin Kwame Nkrumah. Malamai ba su ji daɗin zaman ba. A 1962 suka fita suka tsaya da ƙafarsu da sunan GNAT, wadda har gobe ita ce uwa.

Amma uwa mai 'ya'ya da yawa ba ta iya gamsar da kowa. Mafi yawan 'yan GNAT malaman firamare ne, su kuwa masu digiri da ke koyarwa a sakandare suna ganin ba a sauraron kukansu. Wannan ne ya haifi NAGRAT a shekarun 1990. A 2006 ta yi dogon yajin aiki na makonni, azuzuwan sakandare suka zama fayau, gwamnatin John Kufuor ta riƙe albashin masu yajin. Malamai da dama sun ɗanɗana kuɗarsu, amma daga nan babu wanda ya sake ɗaukar malamin sakandare a matsayin ɗan rakiya a teburin sulhu.

A 2010 aka shigo da tsarin albashi na bai ɗaya ga ma'aikatan gwamnati. Da aka sa malamai a kai a 2011, da yawa suka duba takardar albashi suka ga abin da aka yi ta yi musu alkawari bai taka kara ya karya ba. Fushin ya fi sauka kan shugabannin ƙungiya, kuma a wannan zamanin ne ƙungiya ta uku, CCT, ta yi ƙarfi. Nan akwai darasi: ƙungiya tana iya zama garkuwa, tana kuma iya yin nisa da waɗanda ake cire wa kuɗi kowane wata domin ta.

Sai ga karatun sakandare kyauta a Satumbar 2017. Alheri ne babba ga unguwanni irin namu, inda kuɗin makaranta ya sha tsayar da yara masu ƙoƙari. Amma ɗalibai suka yi yawa har aka raba su kashi biyu suna karatu bi da bi daga 2018, malami ya rasa hutun da ya saba. A Yulin 2022, da tsadar rayuwa ta kai intaha, GNAT da NAGRAT da CCT da TEWU suka ajiye bambancinsu suka tafi yaji tare. Sun nemi alawus ɗin rage raɗaɗi na kashi 20 cikin ɗari, aka daidaita a kan 15, kuma sauran ma'aikatan gwamnati ma suka amfana. Abin da rarrabuwa ta kasa a shekaru, haɗin kai ya yi shi cikin makonni biyu.

Ba yaji kaɗai ne aikin ƙungiya ba. Tun 1998 GNAT ke da asusun malamai, inda ake tara kuɗi wata-wata, mutum ya ci bashi mai sauƙi ya biya haya ko ya sayi fili. Wanda ya san yadda masu gidaje a Accra ke neman kuɗin shekara biyu a dunƙule, ya san darajar wannan ga malamar da aka turo makarantar 'yan mata ta Accra Girls da ke nan Maamobi.

To, ina namu malaman? A 1987 aka kafa Sashen Ilimin Musulunci a ƙarƙashin hukumar ilimi ta ƙasa, domin kula da makarantunmu masu haɗa boko da Arabiyya. Ticar lissafi da gwamnati ta turo yana da albashi da fansho da ƙungiya a bayansa. Malamin Larabci da ke aji na kusa da shi, sau da yawa alawus yake jira, wanda kan zo da wata gwamnati ya tafi da wata. Haka malaman makarantu masu zaman kansu da suka cika lungunan Zango: ranar da mai makaranta ya ce a tafi, an tafi ke nan.

Bambancin waɗannan malamai biyu ba na ilimi ba ne, ba kuma na ƙwazo ba. Ɗaya ya gaji shekaru casa'in na haɗin kai, ɗayan kuma an bar shi da "Allah Ya saka da alheri". Addu'a tana da kyau, amma ba ta biyan haya. Idan muna son 'ya'yan Zango su sami malamai masu kwanciyar hankali, sai limamai da sarakunanmu da mu iyaye mu mara wa malaman Arabiyya baya su tsaya a inuwa ɗaya, kamar yadda wasu suka yi a 1931.