Zambo Da Habaici: Yadda Ake Yi Wa Manya Dariya A Ƙasar Maraɗi

A azumin bara, daren goma sha biyu ga wata, 'yan tashe suka tsaya a ƙofar gidana. Ɗaya daga cikinsu ya sa tabarau na kara, ya riƙe alli, yana gyaran murya yana duba agogon da babu shi a hannunsa, sauran suna amshi. Sai na ji matan gida sun ƙyalƙyace da dariya. Ashe ni ake kwaikwaya, kuma yaron ɗan ajina ne. Washegari wani abokin aikina a lakwal ya ce mini: "Mushe, wannan raini ne, a kira ubansa." Ban kira shi ba, dala ashirin ma na ba su. Dalilina yana cikin tarihin garin nan.

Maraɗi da Tibiri garuruwa ne na sarakunan da suka baro gida. Bayan Katsina ta faɗa hannun masu jihadi a 1807, zuriyar sarakunanta suka yo arewa, Ɗan Kasawa ya zauna Maraɗi wajen 1819. Gobirawa kuma suka kafa Tibiri bayan yaƙin Gawakuke na 1836. Kowace fada ta taho da makaɗanta da maroƙanta da zabiyoyinta. Aikin mawaƙin fada kuwa biyu ne: ya yabi ubangidansa, ya kuma yi wa masu neman gadonsa zambo. Ba ya kiran suna. Sai dai ya siffanta ɗan sarki da kura ko biri, ko ya taɓa rowarsa da tsoronsa, kowa a fada ya gane, mai abin kuma ba shi da bakin ƙara, don in ya tanka ya amsa sunansa. Wanda ya saurari Narambaɗa, mawaƙin Sarkin Gobir na Isa, ya san yadda ake wannan aiki.

Abin bai tsaya a fada ba. M. G. Smith, wanda ya yi bincike a ƙasar Zazzau, ya bayyana a 1957 yadda maroƙi kan juya yabo ya koma zambo idan aka hana shi. Haka abin yake a nan. Bayan ambaliyar 1945, da gari ya hau tudu, cinikin gyaɗa ya fito da alhazan Maraɗi, dukiya ta yi yawa a hannun waɗanda ba su gaji sarauta ba. Attajirin da ba ya tsoron alƙali yakan ji tsoron a sa shi a waƙa, a ce da shi marowaci, 'yan mata su ɗauka su kai dandali. Daga baya rediyo da kaset suka tsallako mana da Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999. Waƙarsa ta Gagarabadau zambo ce tun daga farko har ƙarshe, kuma dattawanmu sun haddace ta.

Su kansu mawaƙan ba su tsira ba. 'Yan kama, waɗanda Gidley ya yi rubutu a kansu a 1967, sukan ɗauki waƙar fitaccen mawaƙi, su bar karinta yadda yake, su cire sarki su sa tuwo ko fura a gurbinsa. Sukan kwaikwayi malami yana fassara, amma duk bayanin na ciki ne da loma. A Damagaram akwai wasan kara, inda samari ke fitowa a matsayin sarki da gwamna har da shugaban ƙasa, da bindigogi da na'urorin ɗaukar hoto na kara, manyan gari suna zaune suna kallo. Turawan Ingila ma, a ƙarni na 19, suna da gidajen waƙa da raha inda talakawa ke biyan kuɗi su ji an yi wa 'yan majalisa da masu kuɗi shaƙiyanci. Ko'ina ka je, na ƙasa yana neman ƙofar da zai faɗa wa na sama gaskiya ya kwana lafiya.

Ba zan ce duk abin alheri ne ba. Akwai zambon da ya zama ƙwace da baki, akwai wanda ya taɓa halittar mutum ko asalinsa, kuma malamanmu sun daɗe suna tunatarwa da hanin da ke cikin Suratul Hujurati game da izgili da jifa da munanan laƙabi. A zamanin hamayyar Sawaba da RDA, kafin a haramta Sawaba a 1959, waƙa ta zama makamin jam'iyya. Amma wanda ya daɗe a bakin mutane yana da ƙa'ida: yana da lokacinsa, kamar tashe daga goma ga azumi, yana sakaya suna, hali yake taɓawa, wanda mutum zai iya gyarawa, kuma a gaban mai shi ake yi. Irin wannan ƙa'ida ce ke riƙe da wasan taubasai da na Gobirawa da Yarbawa, al'adar da UNESCO ta sa cikin gadon ɗan Adam da sunan Nijar a 2014.

Yaranmu na yau, daga Maraɗi har Jiratawa, sun gaji sha'awar amma ba a ba su ƙa'idar ba. A waya suke ganin zagi tsirara, da suna da hoto, daga wanda ya ɓoye fuskarsa. Idan muka doki yaron da ya yi habaici mai kyau a ƙofar gida, can za mu tura shi. Shawarata ga malamai da iyaye ita ce mu saurari tsoffin waƙoƙin nan tare da su, mu tambaye su: wane hali ake suka a nan? Me ya sa ba a faɗi suna ba? Ina ne mawaƙin ya wuce gona da iri?

Ni dai bayan salla na lura da kaina. Duk sanda ɗalibi ya fara magana, idona na kan agogo. Shekara da shekaru babu sufeto ko darakta da ya faɗa mini haka. Yanzu aljihu nake sa shi kafin in shiga aji.