Yaron da Ya Kasa Haɗa Baƙi

Kafin ka zo ɗakin magani neman "maganin buɗe ƙwaƙwalwa" domin ɗanka, buƙatar da na sha ji daga bakin iyaye, ka saurari wannan tarihi.

A shekarar 1896 wata malama a birnin Filadelfiya na Amurka ta kai ɗalibinta mai shekara 14 wurin Lightner Witmer, masanin halayyar ɗan'adam a Jami'ar Pensilbaniya. Yaron yana da basira, amma ya kasa rubuta kalmomi daidai. Witmer ya zauna da shi, ya yi ta gwada shi, har ya gano cewa idanunsa biyu-biyu suke gani. Aka yi masa maganin idon, aka kuma ci gaba da koyar da shi shi kaɗai, domin wahalar karatun ba ta gushe nan take ba. A shekarar ce Witmer ya kafa cibiyarsa ta duba yaran da karatu ko ɗabi'a suka gagara, wadda masu ba ɗalibai shawara suke ɗauka cikin tushen aikinsu.

Ƙwaya daga baya ta zo: sai 1937 Dakta Charles Bradley ya gwada Benzedrine a kan yara marasa natsuwa.

Saboda haka ka fara zama da malamin ɗanka, a auna masa ido da kunne, sannan a je ga likita.