Kwanakin sa'a da na nahisa: ma'anarsu da hukuncinsu

Nahisa kalma ce daga Larabci, ma'anarta rashin sa'a. Mutane da yawa a Garwa da sauran garuruwan arewacin Kamaru ba sa sa ranar aure, ko tarewa, ko tafiyar fatauci, sai sun je an duba musu rana. Wasu littattafan hisabi suna ƙirga ranaku bakwai na watan Musulunci a matsayin nahisa: 3, 5, 13, 16, 21, 24 da 25. Haka ake tsoron Larabgana, wato Larabar ƙarshe ta watan Safar.

Wannan al'ada ba mu kaɗai ke da ita ba. Mabiya addinin Hindu a Indiya suna da kalanda mai suna Panchang, wadda take bin wata da matakan taurari 27, kusa da manazil 28 na Larabawa. Suna raba yini kashi takwas, su ware kashi ɗaya, kimanin awa ɗaya da rabi, wanda suke kira Rahu Kalam, ba a fara sabon al'amari a cikinsa. Ran Litinin yakan faɗo daga 7:30 zuwa 9:00 na safe.

Malamai sun raba ilimin taurari gida biyu. Na farko, sanin lokaci: alƙibla, jadawalin salla da ake kafewa a masallatai, da lissafin damina da manoman bakin Binuwai suke yi. Wannan halal ne. Na biyu, jingina alheri ko sharri ga tauraro ko rana. Wannan shi ne abin da aka hana. Buhari da Muslim sun ruwaito cewa Annabi (SAW) ya kore camfi, ya ambaci Safar da sunansa. Larabawa suna ƙin aure a Shawwal, amma Nana A'isha (RA) ta faɗi cewa a Shawwal aka ɗaura aurenta, a cikinsa ta tare. Ranar nahisa da ta zo a Suratul Ƙamar, aya ta 19, azaba ce ga Adawa saboda kafircinsu, ba sifar ranar ba ce har abada. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ma, a littafinsa Nurul Albab, ya yi inkarin masu da'awar sanin gaibu ta bugun ƙasa.

Don haka, ɗan'uwa a Poumpoumré ko wata unguwa, kada ka jinkirta kai mara lafiya asibiti ko aurar da 'yarka saboda lissafin rana. Ka yi istihara, ka yi shawara da masana, sannan ka dogara ga Allah. Wallahu a'alam.