2,147,483,647

2,147,483,647 (biliyan biyu da miliyan ɗari da arba'in da bakwai da dubu ɗari huɗu da tamanin da uku da ɗari shida da arba'in da bakwai) cikakkiyar lamba ce wadda take daidai da 2³¹ − 1, wato a ninka 2 da kanta har sau 31 sannan a cire 1. Lambar firam ce, ma'ana ba ta rabuwa daidai da kowace lamba sai 1 da ita kanta.

Siffofinta a lissafi

Ita ce ta takwas a jerin lambobin firam na Mersenne, waɗanda ake samu idan aka cire 1 daga ninkin 2. Sunan ya fito daga Marin Mersenne, malamin addini ɗan Faransa, wanda ya sa ta cikin jerinsa a shekarar 1644. Ita ma 31 ɗin irin wannan lamba ce, domin daidai take da 2⁵ − 1. A tsarin lambobin kwamfuta, mai amfani da 0 da 1 kaɗai, ana rubuta ta da 1 guda 31 a jere.

Tarihi

Pietro Cataldi na Italiya ya yi hasashen cewa firam ce, amma hasashe ba hujja ba ne, kuma uku daga cikin lambobi huɗu da ya ambata sun zo ba daidai ba. Leonhard Euler ne ya tabbatar da ita a shekarar 1772. Bai gwada dukan lambobin da ke ƙasa da 46,341 ba. Ya yi amfani da ƙa'idar da ta nuna cewa duk firam da zai raba ta dole ya bar saura 1 idan aka raba shi da 62, abin da ya rage aikin ƙwarai. Ta kasance firam mafi girma da aka sani har zuwa 1867.

A kwamfuta

A nan ne lambar ta fi shafar rayuwar jama'a. Ita ce iyakar abin da ma'ajiyar lamba mai bit 32 za ta ɗauka, idan aka ware bit ɗaya don nuna ko lambar tana ƙasa da sifili. Idan aka ƙara 1 a kanta, yawanci sai ƙidayar ta juye zuwa −2,147,483,648.

Tsarin Unix yana ƙirga lokaci da daƙiƙa tun daga 1 ga Janairu 1970. Ƙirgar za ta kai wannan iyaka a ranar 19 ga Janairu 2038, da ƙarfe 03:14:07 agogon GMT, kuma na'urar da ba a gyara ba za ta iya ɗauka cewa ana watan Disamba na 1901. An fi fargabar tsofaffin na'urori da ke cikin injina, waɗanda ba a cika sabunta manhajarsu ba. YouTube ma ya sanar a Disamba 2014 cewa ya mayar da ma'aunin kallo zuwa bit 64, lokacin da bidiyon Gangnam Style ya zarce wannan adadi.